Neman shawara: yaya zan nuna malamin da ke raba yara da iyayensu a fim?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cikin wata ƴar ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Damagaram. Mun saba da gajerun wasannin faɗakarwa a rediyo da dandali, bana muka ɗaura niyyar yin dogon fim. Ni aka ɗora wa rubuta labarin, ga shi saɓani ya shiga tsakanina da abokan aiki har komai ya tsaya cak.

Labarin na mutum biyu ne. Na farko saurayi ɗan shekara 24, na sa masa Habu. A da yaron mota ne a layin Agadas zuwa Arlit da gaba. Kowa a jihar nan ya san abin da ya faru a Oktoban 2013, da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara ƴan yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Ban ɗauko wannan abin na sa a fim ba, don danginsu na nan da ciwonsu. Amma Habu ya ga irinsa da idonsa: mota ta mutu, direba ya tafi neman ruwa, shi aka bari da fasinjoji. Ya dawo gida da ransa, sai dai barci ya ƙaurace masa. Yana sana'ar ruwa-ruwa, wato saida fetur a kwalabe, a bakin titi, yana shan tramol, yana ɗaga ƙarfe da ƴan fale, gungun samarin unguwa, abu kaɗan sai faɗa.

Na biyu wani mutum ne mai garka a bayan gari, yaransa na kiransa Baba. Ba wanda ya san inda ya yi karatu, amma in ya buɗe baki sai wuri ya yi tsit. Haɗuwarsu ta farko haka na rubuta ta: an fasa wa Habu goshi a tasha, jama'a sun kewaye shi ana ta zagi. Baba ya ratso, bai yi wa'azi ko ɗaya ba. Ya jiƙa bakin rawaninsa da ruwan buta, ya share masa jinin, sannan ya tambaye shi a hankali: "Yaushe rabonka da barci?" Tun dawowarsa daga hamada ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Daren ranar ya kwana ƙarƙashin mangwaro a garka, bai farka ba sai hantsi.

Daga nan ne rigimarmu ta tashi. Darekta da wanda zai fito a Baba sun ce na gyara mutumin fiye da kima. Suna so tun fitowar farko a gan shi da jan ido, da ƙwarya mai hayaƙi, da dariyar ƙeta, don kada mai kallo ya ruɗe. A ƙarshe kuma jandarmomi su kama shi, Habu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa yana kuka. Ni kuwa so nake mai kallo ya ƙaunaci Baba da gaske har tsakiyar fim, ya ji cewa da shi ne Habu, da shi ma ya bi. In ba haka ba, duk wanda ya kalla zai tashi yana cewa ai wawaye ne kawai ake yaudara, ɗansa kuwa ba zai taɓa faɗawa ba.

To wa ke da gaskiya? Kuma shi Baba, in rubuta shi a ɗan damfara da ya san abin da yake yi, ko mutumin da ya yarda da kansa? Yaya kuma ya dace a ƙare?

Mushe mai ritaya:

Wa alaikumus salam ɗana. Tarihi na koyar a koleji har na ajiye alli, bari in ba ka abin da ya faru a zahiri, kai ka auna.

Ba sai ka je nesa ba, Kano ga ta nan kudu da mu. Muhammadu Marwa da aka fi sani da Maitatsine mutumin arewacin Kamaru ne. An kore shi daga Kano a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, daga baya ya dawo ya kafa sansani a unguwar Ƴan Awaki. Tambayar da nake so ka riƙe ita ce, su wa suka cika masa gida? Gardawa ne da ƴan ci-rani, samarin karkara da suka shigo birni a shekarun da kuɗin fetur ke ambaliya a Najeriya. Farin 1973 da 1974 ya koro da yawansu, har da na wannan gefen iyaka. Suna kallon motoci da benaye, su ko wurin kwana ba su da shi. Sai ga mutum yana tsine wa mai agogo da mai rediyo da mai keke. Yaron da bai mallaki ko ɗaya daga ciki ba, rana ɗaya aka mayar masa da talaucinsa daraja, aka ba shi abinci da makwanci da ƴan uwa. Rikici ya ɓarke ranar 18 ga Disamba 1980, sai da soja suka shiga. Kwamitin bincike na mai shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu, shi kansa Marwa yana ciki.

Ga abin da ya shafi ƙarshen fim ɗinka: mutuwarsa ba ta kashe wutar ba. Ta sake tashi a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, a Jimeta a 1984, a Gombe a 1985. Saboda haka wanda ya nuna wa jama'a cewa da an kama shugaba magana ta ƙare, bai gaya masu gaskiya ba.

Kuma kada wani ya ɗauka abin na addini ɗaya ne. Jim Jones a Amurka da alheri ya fara. A birnin Indiyanafolis ya buɗe cocin da baƙar fata da farar fata ke zama tare lokacin da wariya ke da ƙarfi, yana ciyar da mabuƙata, yana da gidajen kula da tsofaffi. Da haka ya tara mutane, sannan ya kwashe su zuwa dajin Guyana inda ba dangi ba maƙwabci. Ranar 18 ga Nuwamba 1978 sama da mutum 900 suka mutu, mafi yawa da guba, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. A 2023 ma an tono gawa fiye da 400 a dajin Shakahola na Kenya, mabiyan wani fasto da ya umarce su da ƙin cin abinci har mutuwa. Ka lura da jerin: alheri tukuna, sai nisanta mutum da nasa, sai a fara gwada iyakar biyayyarsa.

A ganina kai ke da gaskiya. Batun ko ya yarda da kansa kuwa, ni na fi karkata ga cewa da yawansu da rabin gaskiya suke farawa. Idan mutum ɗari suka yi shekaru suna rusuna maka suna cewa mafarkinka ba ya faɗuwa ƙasa, kai ma kunnenka na ji. Ka bar Baba ya riƙa kumbura a gaban mai kallo.

Alaramma na Garin Malam:

Allah ya saka wa Mushe da alheri. Malam Ɗan Birni, ni damuwata dabam ce, kuma zan faɗe ta ƙarara. Mun gaji da fina-finan da ba su san malami ba sai da tasbaha a hannu ɗaya, kuɗin matan mutane a ɗayan. Garin nan cike yake da bayin Allah da suka ƙarar da rayuwarsu kan buzu suna karantar da ƴaƴan jama'a ba albashi. Idan Baba ne kaɗai mai rawani a fim ɗinka, ka ci haƙƙinsu.

Ka sa wani malami na biyu, amma ba irin wanda ake ɗaukowa a minti biyar na ƙarshe ya yi wa'azi ya tafi ba. Ya kasance limamin masallacin unguwar su Habu, mai tuƙin keke, mai tsamin baki ma in ka so. Bambancinsa da Baba a aikace za a gan shi. An san wa ya karantar da shi, an san wa ya karantar da malaminsa. In aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa sai ya ce Allah ne masani, ku je wurin malam wane. Damina na faɗuwa yana sallamar manyan ɗalibansa su je su taya iyayensu noma. Baba kuwa ba ya tura kowa wurin kowa, komai a wurinsa yake ƙarewa.

Akwai aya ta 15 a Suratu Luƙman. Ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, umarnin shi ne kada ya bi su a kan haka, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. To in haka aka ce game da waɗannan, da wace hujja wani zai hana yaro gaida uwarsa musulma? Wannan aya kaɗai ta isa limamin ya tsaya a kanta.

Sannan ka kiyaye sutura da zikiri da yadda yaran Baba ke tsayuwar salla. Kada su yi kama da Tijjaniyya ko Ƙadiriyya ko Izala, in ba haka ba kowane ɓangare zai ce da wancan kake, saƙon ya ɓace cikin gardama. In kuna da niyyar kai shi kasuwar Kano, ku tuna suna da hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma irin wannan labari za a duba shi da kyau.

Maman Biyu:

Ƙanena Ɗan Birni, na karanta abin da ka rubuta game da tasha sai da na ajiye wayar na ɗan zauna. Abin ya faru a gidanmu. Ba zan faɗi sunan mutumin ko garin ba.

Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a lokacin, yana shan ƙwaya, kullum cikin rigima da Babanmu. Akwai abin da babu a labarinka, kuma shi ya fi ci mini rai har yau: mu da kanmu muka yi ta godiya. Watannin farko yaro ya bar ƙwaya, yana tashi asuba, ya daina ɗaga wa kowa murya. Inna ta sa aka kama zabi biyu, ta haɗa da goro, ta aika wa mutumin tukuici. Maƙwabta na zuwa tambayar hanyar wurin don su kai nasu. Ka sa wannan a fim. Uwar Habu ta yi farin ciki, ta yi addu'a, ta ce Allah ya kawo mata mafita.

Canjin a hankali ya zo. Ya fara zuwa gida da kofinsa a aljihu, ba ya shan ruwa da modar randarmu. Sai ya daina cin tuwon gida, wai ba a san da wane kuɗi aka sayi hatsin ba. Sai ya saida babur ɗin da Babanmu ya ci bashi ya saya masa, ya kai kuɗin can. Sai ya canza layin waya. Ranar sunan tagwayena bai zo ba.

Na bi shi har can. Aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, ba a bar ni na shiga ba. Ya fito tare da wani yaro da ya zauna dab da shi har muka gama. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idonsa ya faɗa. Na ce masa ƙafar Inna ta kumbura, ba ta iya zuwa ko bakin murhu. Na ga leɓensa ya motsa zai yi tambaya, sai ya juya ya dubi yaron nan, sannan ya ce mini, "Allah ya ba baiwar Allah lafiya." Baiwar Allah fa, uwar da ta haife shi.

Daga baya ne ya ba ni labarin yadda ake riƙe su, kuma ba duka ba ne, ba laya ba ce. Da dare mutumin da kansa yake raba abinci, yana kiran kowa da sunansa, yana sa masa albarka. Wata rana sai kawai ya tsallake sunanka. Ba zai ce ka yi laifi ba, ba zai ko dube ka ba. Kai da aka saba zaunarwa a gefen damansa, yau ga wani a wurin. Sai ka kwana kana lalube cikin zuciyarka me ka yi, da safe ka je ka zayyana masa duk abin da ka taɓa tunani, har kewar gida. Bayan kwanaki sai ya dafa kanka ya kira ka ɗana, ka ji kamar an sake haihuwarka. Ƙanena ya ce saboda wannan dafa kan ba abin da ba zai iya aikatawa ba.

Game da ƙarshe, darektanku bai san abin ba. Mutumin namu dare ɗaya ya tsere bayan wata magana ta taso kan wata yarinya, yara suka watse. Ƙanena ya dawo, amma bai durƙusa ba, bai yi kuka ba. A zaure ya tare, ƙarfe uku na dare yana zaune ido biyu. Duk wanda ya zagi mutumin a gabansa sai ya tashi ya fita. Har yanzu da ya yi aure yana sana'arsa, in maganar ta zo sai ya ce, duk abin da ya yi, shi ne ya fara ɗaukata mutum. Na daina musu da shi a kan wannan, don akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce mai zafin.

Abin da ya sa ya san hanyar gida, a ganina, Inna ce. Babanmu ya rantse ya cire shi daga ƴaƴansa. Ita ba ta taɓa zagin malaminsa ba ko sau ɗaya. Duk Juma'a sai ta dama fura ta ba yaro ya kai, a dawo da ita ba a taɓa ba, wata Juma'ar ta sake aikawa.

Mai tura fim, Kasuwar Dole:

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, Hajiya. Amma Ɗan Birni, ni da nake zaune da masu saye kullum, bari in gaya maka. Mutanenmu in mugu bai ga sakayya ba sai su ce fim bai ƙare ba, su dawo suna tambayar kashi na biyu. Matan aure da ƴan kabu-kabu su ne kasuwa, kuma sun sha wahalar yini, ba su son a bar su da ƙunci. Ka gyara Baba yadda kake so a farko, ban ƙi ba, amma a ga ƙarshensa. Darekta na tunanin kuɗin da aka zuba ne, kada ku raina masa.

Majo:

Ni ma'aikacin jinya ne, kan Habu zan yi magana. Don Allah kada ku sa masa tsumma yana tsince-tsince a bola. Masu irin ciwonsa da muke gani tsaf suke, suna sana'a. Alamarsu rashin barci, firgita in an buga ƙofa, saurin fushi, da gudun duk abin da zai tuna masu abin da suka gani. Habu zai iya kasa jure ganin jarka babu ruwa, ko kukan yaro mai jin ƙishirwa. Wannan ya fi kowane ihu.

Tramol kuma maganin ciwo ne mai sa jaraba. Wanda ake saidawa a ɓoye yakan kai miligiram 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, ya zarce na likita nesa, yawansa na sa farfaɗiya. Wanda ya saba in ya bari kwatsam zai yi kwanaki yana zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, ba barci. To ka yi tunanin wanda ya zauna kusa da shi a waɗannan kwanaki yana ba shi kunu a baki. Jiki da kansa zai warware, amma yaron zai rantse Baba ne ya cire masa aljani. Nan bashin yake ƙulluwa. Daga baya kuma in ana tada su tsakar dare kullum, ga aikin garka, ga ƙarancin abinci, mutum mai gajiya haka ba ya iya gardama ko da a zuciyarsa.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Mushe, zan kai wa darekta maganar Bulunkutu da Jimeta yadda ka faɗe ta. Allah gafarta Malam, limamin ya shiga labari, kuma ina roƙon ka duba mini duk inda aka ja aya kafin mu ɗauka. Majo, kwanakin barin ƙwaya za su zo nan da nan bayan tasha.

Yaya Maman Biyu, ina neman izininki kan abu uku: zabin tukuici, tsallake suna wurin rabon abinci, da furar Juma'a. Zan sauya sana'a da unguwa yadda ba mai gane gidanku. In kin ga ya dace ki fara tambayar shi ƙanen naki, in bai yarda ba na haƙura.

Mai tura fim, za a ga ƙarshen Baba, asirinsa zai tonu a bainar jama'a. Sai dai fim ba zai tsaya nan ba, za mu bi Habu gida mu zauna da shi a zaure, don tun farko labarin nasa ne. A kan wannan ba zan sassauta ba.

Muna so mu ɗauka da sanyi, lokacin da garake ke kore. Duk wanda ya san mai garka wajen Mirya da zai ba mu aron wuri mai mangwaro da rijiya, ya yi mini magana. Muna kuma neman dattijuwar da za ta fito a uwar Habu, ko da ba ta taɓa yin wasa ba, muddin ƴaƴanta sun amince.